Zurfin Babi na Ɗaya

Laraba, da hantsi

Zuwa ga waɗanda Allah ya ɗora a kaina: Uwargida mai wannan masauki, wadda ta yi bulaguro; Manaja, wanda ke riƙe da wurin kafin ta dawo; da Malamata ta ajin manya, wadda ta damƙa mini alƙalami bayan furfura ta riga ta sauka. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina sanar da ku cewa ba domin ku karanta na yi wannan rubutu ba. Nawa ne ni kaɗai. Sai dai ban ga ya dace mutum ya buɗe baki bai gai da manya ba, ko da manyan ba sa ji.

Ni ne mai tsaron ƙofar masaukin nan, inda baƙi masu yawon buɗe ido ke sauka. Ko in ce ni ne har zuwa jiya Talata. Yau da safe Manaja ya karɓi hulata da usur ɗina, ya kulle a teburinsa, ya ce in koma wurin wanki in taya Inna mai wanki shanya har Uwargida ta dawo ta yanke hukunci: ko ƙofa, ko hanya.

Malama ta ce a riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana domin hannu ya saba. Zan yi. Na Talata ba ya ciki, domin ranar ban fara ba.

Laraba, bayan la'asar

Domin tarihi, ya wajaba in bayyana aikina. Tsaron ƙofa ba buɗewa da rufewa ba ne, wannan ko iska tana yi. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, babban gari kuwa ba ya yi wa makaho sannu. Saboda haka na tsara Jawabin Ƙofa mai babi shida, wanda nake gabatar wa kowane baƙo kafin ya taka titi, da ɗan abin da na tsinta na harshensu, ragowar da hannu.

Babi na Ɗaya shi ne lambatun da ke bakin ƙofarmu, wanda murfinsa na siminti ya karye tun bara waccan, ana ta cewa za a gyara. Baƙo yana fitowa idonsa na kan benaye, ƙafa kuwa ba ta da ido. Babi na Biyu shi ne jaka: a rungume ta a gaba, kada a rataya ta ɓangaren titi, saboda masu fizge a kan babur. Ragowar zan kawo su a inda suka dace, domin hannuna ya gaji kuma gwiwata tana ciwo. Ciwon gwiwar bai shafi komai ba.

Alhamis, da safe

Inna mai wanki ta tarbe ni da cewa, "Lale da Sarkin Ƙofa! Yau sarauta ta sauka kan igiyar shanya?"

Na ce, "Inna, ziyarar aiki ce."

Ta ce, "To mai ziyara, kama bakin zanen gadon nan mu matse. Kakin naka kuwa na wanke, na sake wankewa, na zuba masa turare, har yanzu ƙudaje na zuwa gaishe shi."

Na kama bakin zanen, muka matse. Ba kowace magana ce ta cancanci amsa daga ma'aikaci ba.

Alhamis, da azahar

Dogo mai ɗaukar kayan baƙi ne aka sa a ƙofa. Ya sa hulata. Ta yi masa yawa.

Juma'a, da yamma

Maiɗakina ta ajiye mini abinci ba ta ce uffan ba. Amma ta gaya wa tukunya cewa akwai mazan da in za su koyar da darasi ba sa arar allo, sai ƙanen matarsu.

Ƙanen nata, wanda abokan sana'arsa ta babur ɗin haya ke kira Guguwa, yana kwance a falonmu, hannun dama rataye a wuya. An duba, ba karaya, targaɗe ne. Na zauna kusa da shi domin in yi masa jaje cikin mutunci.

Ya ce, "Yaya, kai ka ce in fizge jaka ja a gaban baƙi."

Na ce, "Na ce jaka ja wadda ke kafaɗata. Wofi ce, takarda na cusa mata."

Ya ce, "Yaya, mai gudu a babur jaka yake gani, ba ya tsayawa tambayar kafaɗar waye. Ina na san tsohuwar baƙuwar nan ma ja ta rataya, kuma ta sha gabanka?"

Na ga maganarsa akwai ilimi a ciki, na ce zan ƙara ta a Babi na Biyu. Ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari yana cewa, "Wayyo, bar ni, mai faci ya gama da wannan gefen."

Ina so a sani niyyar mai kyau ce. Baƙi suna gyaɗa kai in ina jawabi, su fita su yi abin da na hana. Magabata kuwa sun ce gani ya kori ji.

Asabar, da hantsi

Na ji ƙarar ƙofa daga nan. Tana son mai. Dogo bai sani ba.

Lahadi, bayan la'asar

Mutanen layinmu sun zo gida duba Guguwa: mai faci, tela da mai shayi. Ni na hore su tun tuni cewa da zarar sun ji usur su fito da duk abin da ke hannunsu, domin tsaron baƙo na kowa ne. Ina shaida cewa horon ya kama.

Mai faci ya ce, "Wallahi ɗan'uwa, da na san kai ne da na rage. Wa ya ce ka naɗe fuska da ƙyalle a ƙarƙashin hular kwano?"

Guguwa ya nuna ni da hannun hagu.

Na bayyana musu cewa darasi in bai yi kama da gaske ba, ba ya shiga. Tela ya ce ya shiga kam, sandar awonsa ma ta rabu biyu. Mai shayi ya ce, "Amma Sarkin Ƙofa, da ka ɗan raɗa mana tun da safe." Na ce na yi niyya, hidimar jama'a ce ta sha kaina.

Daga nan suka so su karkata zuwa abin da ya biyo baya, sa'ad da na bi su a guje ina cewa su tsaya. Mai shayi har ya fara nuna yadda hannuwana suka yi sama. Na tuna musu cewa gaban marar lafiya ba wurin hira ba ne.

Litinin, da safe

Ina shanya tawul Inna ta ce, "Wai ni kam, wa ya busa usur ɗin?"

Na ce, "An busa."

Ta ce, "Usur nawa ne a layin nan?"

Na ce mata mutum in ya shekara yana aiki tsakaninsa da Allah, ya ga an fizge jakar baƙuwa a gabansa, baki ba ya jiran shawarar kai. Wannan ba laifi ba ne, ƙwarewa ce. Ta zauna a kan bokiti tana share hawaye. Ina jin sabulu ne ya shiga idonta.

Talata

Ba na son Talata.

Laraba, da hantsi

Na yi wani bincike. A ƙasan katangar wurin wanki akwai kafa inda ruwa ke fita, kuma tana kallon hanyar da baƙi ke bi in sun bar ƙofa. Na durƙusa na leƙa. Abin da na gani ya tayar mini da hankali: ƙafafu suna wucewa gab da Babi na Ɗaya, Dogo kuwa sai murmushi yake yana cewa a dawo lafiya. A dawo lafiya ba jawabi ba ne.

An ce kada in tsaya a ƙofa. Ba a ambaci katanga ba. Saboda haka duk ƙafar baƙo da na gani sai in sa baki a kafar in ce, "Ido a ƙasa! Jaka a gaba!" Wani ya tsaya cak, ya juya jakarsa. Wata ta ɗauki hoton katangar.

Alhamis, bayan azahar

Manaja ya zo wurin wanki da kansa. Na miƙe na ƙame, ko da yake ba hula.

Ya ce, "Baba, katanga ta fara magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in gaskiya take faɗa ai ba a tuhumarta."

Ya ce, "Baƙi sun tambaye ni ko gidan nan yana da aljanu. Baba, saurare ni. Mutanen nan sun zo ganin gari ne, ba jin tsoronsa ba. Kafin ka kai babi na huɗu wasu sun koma ɗaki sun kulle. Ka tuna mata da mijin da suka kwana uku suna kallon gari ta taga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da ya same su."

Ya ce, "Ba abin da suka gani kuma."

Ya sa an toshe kafar da tsumma, ya ce in na sake karya umarni ba sai an jira Uwargida ba. Na ce na ji, na bi.

Alhamis, da yamma

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Ban taɓa lissafa waɗanda ba su ga komai ba a cikin waɗanda na cuta.

Juma'a, da hantsi

Yau na yi baƙi. Tsohuwar nan mai jaka ja, wadda muke kira Mai Lema domin ba ta rabuwa da lema ko rana ko ruwa, ta zo har wurin wanki tare da mijinta Mai Kyamara, Dogo yana yi mana tafinta. Jakarta tana gaba, rungume. Na lura, amma ban yi alfahari ba.

Ta kawo man zafi a kai wa Guguwa, ta ce a ba shi haƙuri. Sannan ta nuna wa Inna yadda ta saƙalo wuyan rigarsa da ƙugiyar lemar, har babur ya tafi ya bar shi. Ta maimaita a kan wata rigar da ke shanye. Inna ta ce da za a ba ta irin wannan lema da an daina satar mata sabulu.

Ta kuma ba da labarin cewa jiya wani mai fara'a ya tare su a hanyar gidan tarihi, ya ce yau a rufe yake, su zo ya kai su shagon ɗan'uwansa. Ta ɗaga masa yatsu uku, ta wuce. Gidan tarihin a buɗe yake. Babi na Uku ke nan, ba ragi ba ƙari. Ta ce garin ya yi mata kyau ƙwarai. Ashe ana iya jin jawabi kuma a ga gari. Na so a ce Manaja yana nan.

Mai Kyamara kuwa, wanda ba ya magana sai dariya, ya miƙo mini kyamararsa. Ashe ya ɗauki Talata daga farko har ƙarshe. Na ƙi kallo. Daga baya na kalla domin kada baƙo ya ji kunya. Akwai wani mutum mai kaki da ke gudu yana ɗaga hannu, idonsa na kan jama'a, sai kuma babu shi, hula kaɗai ta rage a bakin titi. Ta baya ya ɗan yi kama da ni.

Asabar, da yamma

Maiɗakina ta gaya wa tukunya cewa man zafin yana da kyau, kuma ashe a cikin baƙi ma akwai masu hankali fiye da 'yan gida.

Lahadi, da hantsi

An ce Uwargida na dawowa Laraba.

Ba domin sa hannu a takardar albashi na shiga ajin manya ba, dangwale yana yi mini. Na shiga ne domin in rubuta Jawabin Ƙofa a babban allo da hannuna, a kafa shi a bakin ƙofa, ko bayan raina baƙo ya karanta ya tsira. Na sha dariyar 'ya'yana sa'ad da nake juya harafi baibai. Yanzu hannu ya faɗa, ƙofa ta kuɓuce.

In hanya ce, ban san ta inda zan fara ba. Mai shekaruna ba a ɗaukarsa sabon aiki, sai dai a ba shi kujera a ce Baba huta.

Wannan shafi ba shi da tsari. Malama ta yi haƙuri.

Litinin, da safe

Na goge takalmana. Ba don komai ba.

Talata

Na yi shanya. Hadari ya haɗo, na kwashe. Ya watse, na mayar.

Laraba, bayan la'asar

Ina rubutu lulluɓe da bargon baƙi, da izinin Inna. Zan bi tsari.

Tun hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar tsumman da aka toshe kafar katanga ya fice da kansa, ni ban taɓa shi ba. Na leƙa, sai na ga layinmu ya zama kogi. Titi da gefen titi da Babi na Ɗaya duk sun zama shimfiɗa guda, ruwa ja, ba ka ce ga rami ga tudu. A daidai nan na ji hon ɗin motar masauki daga kwana, wadda ta je ɗauko Uwargida da sababbin baƙi daga filin jirgi. Direban kuwa kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ƙofar motar tana buɗewa taku kaɗan daga lambatun.

Na yi ihu ta kafa, ruwa ya cinye muryar. Ba usur. Dogo yana ƙarƙashin rumfa da lema, yana shirya murmushi.

Inna ta ce, "Sarkin Ƙofa, in ka fita ka san abin da Manaja ya ce."

Na ce, "Inna, an hana ni tsayawa a ƙofa. Inda za ni ba ƙofa ba ce."

Na ɗaura zanen gado a ƙugu, na fita ta ƙofar baya, na zaga. Na jefa wa mai faci bakin zanen na ce ya riƙe. Guguwa yana fake a rumfarsa, ya kama da hannun hagu yana cewa, "Yaya, wane darasin ne kuma?" Ban tsaya bayani ba. A duk garin nan ba wanda ya kai ni sanin zurfin lambatun nan, da inda karyayyen murfin ya kwanta a ƙasa, wanda mutum zai iya dogara ƙafa a kai. Na lalubi bakinsa, na shiga. Ruwa ya kawo mini ƙirji, yana ja kamar mai bin bashi. Na ware hannuwa.

Mota ta tsaya. Baƙo na farko ya sauko da ƙafa ɗaya, idonsa na kan bene kamar yadda na sha faɗa, sai ya sunkuyo ya ga rabin mutum a gabansa. Ya mayar da ƙafar. Na ce, "Ido a ƙasa!" na nuna masa dama. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, har da mai goyo da wani tsoho mai sanda, suna zagaye ni kamar shataletale. Ban taɓa gabatar da babin nan an saurare shi haka ba.

Uwargida ce ta ƙarshe. Ta tsaya a kaina, Manaja na riƙe mata lema, ta ce, "Baba, me kake yi a ciki?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, barka da sauka. Babi na Ɗaya nake gabatarwa. Wannan karon da gangan na shiga."

Na rubuta "wannan karon" domin haka ya fito daga bakina, Malama kuwa ta hana mu goge abin da yake daidai.

Fita ta fi shiga wuya. Mai faci da Guguwa suna ja, takalmina ya maƙale. Sai na ji an saƙalo wuyan rigata ta baya. Guguwa ya ce, "Saki jikinka Yaya, na san ƙugiyar nan, ba ta kuskure."

Laraba, da magariba

Da na shiga gida maiɗakina ta ce, "Cire kayan nan kafin mura ta kama ka, uban 'yan darasi." Ni ta gaya wa. Tukunya tana can gefe ba wanda ya kula ta.

Alhamis, da hantsi

An yi zama a ofis. Uwargida ta ji ta bakin Manaja, ta ji ta bakina, sannan ta kalli abin da ke cikin kyamara. Ta nemi a maimaita mata wurin hular. Tari ya sarƙe ta har aka kawo ruwa.

Da ta natsu ta ce, "Baba, Talata ka kusa sa a kashe ƙanen matarka. Laraba ka kusa kashe kanka. Ban san me ka tanadar wa Alhamis ba, shi ya sa gara in ajiye ka inda idona ke ganinka. Koma ƙofarka."

Ga sharuɗɗan. Ba sauran darasi mai rai. Jawabi kada ya wuce tsawon ɗaura igiyar takalmi, ragowar in rubuta a allo, ita za ta sa a kawo allon, a kuma juya shi zuwa harshen baƙi a ƙasan nawa. Manaja ya roƙi a ƙara layi ɗaya a ƙarshe mai cewa garin yana da kyau, a fita a gani. Na amince, domin shi ma ilimi ne. Usur zai ci gaba da zama a tebur har sai bakina ya koyi shawara da kaina.

Dogo ya miƙo hulata da hannu biyu, ya ce dama tana rufe masa ido.

Asabar, da safe

Na sa wa ƙofa mai.

Magina sun zo sun zuba sabon murfi. Abin da aka shekara biyu ana cewa za a yi, an gama shi kafin shayi ya huce. Na tsaya a kansa, na yi tsalle kaɗan, bai motsa ba. Na yi murna. Amma ba zan ɓoye ba, na ji kamar an rufe wani tsohon abokin gaba wanda muka san juna ciki da waje. Allona zai fara daga Babi na Biyu. Ba zan sauya lamba ba. Duk baƙon da ya tambayi ina na ɗaya, zan ce masa yana tsaye a kai.

A nan na tsaya, domin mai ƙofa ba shi da lokacin rubutu irin na mai shanya.

Waɗanda suka ga abin da ya faru ranar Laraba da idonsu, kuma za a iya tambayarsu, su ne: Uwargida, Manaja, direban masauki, Dogo, Inna mai wanki, ta kafar katanga, mai faci da Guguwa, waɗanda suka riƙe zane, tela da mai shayi, daga rumfa, Mai Lema, wadda ta fito da ni, da mijinta Mai Kyamara. Dukansu sun shaida da ƙafata na shiga, ina sane, idona a ƙasa.

Game da Talata kuwa ba na neman shaidu. Waɗanda ake da su ma sun yi yawa.